'Ya'yan koyoti a bayan garke: a kashe, a ɗauke, ko a gyara shinge?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Duk shekara idan Afrilu da Mayu suka zo, sai hotuna su cika intanet daga Amurka na 'yan kwikwiyon wata dabba da suke kira koyoti, wannan ya gan su a ƙarƙashin ɗakin ajiya, wancan a bakin kwalbati. Ko a 2022 an yaɗa labarin wasu iyali a jihar Masacusets da suka ɗauki ɗaya zuwa gida, suna zaton ɗan kare ne ya ɓata. Tambayata ga masana ita ce, wannan dabba ita ce dilan da muka sani? Kuma idan makiyayi ya ga ramin haihuwarsu kusa da garkensa, me ya kamata ya yi?

Dakta Mai Dabbobi:
Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Dangi ne amma ba abu ɗaya ba ne. Koyoti na nahiyar Amurka ta Arewa ne, yanzu babu jihar Amurka da babu shi sai Hawai, ya kuma gangara har Panama. Nauyinsa daga kilo 9 zuwa 20 da 'yan kai, na gabashin ƙasar ya fi girma saboda jininsa ya gauraya da na kyarkecin can. Dilanmu na Sahel ya fi shi ƙanƙanta kaɗan, kuma binciken ƙwayoyin halitta da aka fitar a 2015 ya nuna ya fi kusa da koyoti da kyarkecin Turai a kan dilan Asiya da a da ake haɗa su suna ɗaya.

Amsar tambayarka ta biyu tana cikin lissafin haihuwarsa. Barbara daga Janairu zuwa Maris, ciki kwana 60 zuwa 63, haihuwa a Afrilu ko Mayu, 'ya'ya huɗu zuwa bakwai galibi. Idonsu kan buɗe bayan kamar kwana goma zuwa sati biyu, su fara leƙo bakin rami a sati na uku, a yaye su tsakanin sati biyar da bakwai. Daga lokacin da suka fara cin nama, uwa da uba kan cika ciki a waje su dawo su amayar musu. To a nan ne masifar makiyayi take, domin baki biyu sun koma baki takwas, kuma lokacin ya zo daidai da haihuwar tumaki a wurare da yawa na can. Koyotin da ya shekara yana cin ɓera da zomo da fara da 'ya'yan itace, a waɗannan makonnin ne yake fara kallon ɗan rago.

Sarkin Baka:
Allah ya ƙara ilimi, Dakta. To ai magana ta ƙare. In dai 'ya'yan ne sanadi, a tone ramin a raba su da duniya, iyayen su huta da nema, makiyayi ya huta da asara. Ba a yi wa ɓarawo shimfiɗa a bakin rumbu.

Malam Mai Gandun Daji:
Ranka ya daɗe Sarkin Baka, ba za a ce maganarka ba ta da tushe ba. A 1983 wasu masu bincike biyu, Till da Knowlton, sun gwada haka a jihar Wayomin: inda aka cire 'ya'yan kaɗai aka bar iyayen, kisan tumaki ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari. Wannan gaskiya ce kuma bai kamata masu son namun daji su riƙa ɓoye ta ba. Amma dubi abin da sakamakon ke faɗa da kyau. Bai ce koyoti maƙiyin tunkiya ne a kowane lokaci ba, cewa ya yi nauyin ciyarwa ne ke tura shi. Shi ya sa a jihar Yuta aka gwada wata hanyar, aka kama su aka yi musu aikin hana haihuwa aka sake su a yankinsu. Suka ci gaba da tsare iyakarsu suna korar baƙin koyoti, kisan 'yan raguna kuma ya faɗi ƙasa sosai.

Matsalar tonon rami ita ce aikin shekara ɗaya ne, baɗi sai ka sake. Kuma gano ramin ba wasa ba ne. Uwa takan tanadi ramuka fiye da ɗaya, da ta ji warin mutum a bakin wannan sai ta kwashe 'ya'yan cikin dare, ɗaya bayan ɗaya a baki, ta mayar wancan. Mai tono da yawa yakan gama gumi ya tarar da rami wayam, ko ya tone na dabbar da ba ta taɓa masa komai ba.

Sarkin Baka:
To a bi iyayen da bindiga da tarko mana, Malam. In babu uwa babu uba, ina 'ya'ya za su fito?

Malam Mai Gandun Daji:
An fi shekara ɗari ana yin haka a Amurka. Har gobe sashen ma'aikatar noma ta tarayya mai kula da ɓarnar namun daji yana kashe dubun dubata a kowace shekara, ban da na mafarauta, amma yankin da koyoti ke rayuwa ƙaruwa ya yi. Wani lissafi da Connolly da Longhurst suka yi a 1975 ya nuna sai an riƙa kashe sama da kashi 70 cikin ɗari duk shekara, shekaru masu yawa a jere, kafin a karya yawansu. Dalili: a kowane yanki mace ɗaya da namiji ɗaya ne ke haihuwa, sauran 'yan rakiya ne, ga kuma marasa yanki suna gararamba a gefe suna jiran gurbi. Ka harbe masu yankin, cikin makonni wasu sun maye. Kuma da yawansu ya ragu abinci kan wadata, 'ya'yan da ke rayuwa su ƙaru.

Ga abin da ya fi damuna. Binciken da aka yi a tashar Hopland ta jami'ar Kalifoniya ya nuna mafi yawan kisan tumaki aikin ma'auratan da ke haihuwa ne, waɗanda yankinsu ya haɗe da makiyaya. Su kuwa su ne suka fi wayon tarko. Wanda ke faɗawa tarko da wuri matashi ne marar wayo da bai taɓa tunkiya ba. Sai ka ga an rataye gawa goma a kan waya, ɓarna kuwa tana nan. In kuma ma'auratan da ke kusa da kai ba su saba da naman tunkiya ba, to masu gadi ka samu kyauta, kashe su buɗe ƙofa ne ga wanda ba ka san halinsa ba. Ban hana kashe wanda aka tabbatar da laifinsa ba. A tabbatar tukuna.

Maman Ilham:
Malam, ta yaya za a tabbatar? Da safe mutum gawa kawai yake gani, ba a gabansa aka yi ba.

Dakta Mai Dabbobi:
Hajiya, gawar ce shaida, in an san karanta ta. A sa safar hannu, a feɗe fatar wuya da ta ƙeya a hankali. Dabbar da aka ciza tana da rai za a ga jini ya taru ya yi baƙi-baƙi a ƙarƙashin fata kewaye da hujin haƙori. Wadda ta riga ta mutu kafin a ci, naman wurin fes yake, babu tarin jini, domin zuciya ta daina bugawa. Wannan kaɗai yana wanke koyoti da dila daga laifi mai yawa, don sau tari mushe suka tarar.

In ɗan rago ne sabon haihuwa, a duba ƙasan kofato. Wanda bai taɓa tsayuwa ba, za a ga wata fata mai laushi ba ta goge ba. Huhun wanda ya yi numfashi yana da haske da taushi kamar soso, na wanda aka haifa a mace ja ne mai duhu, in an jefa guntunsa a ruwa ya nutse. A tsaga ciki a ga ko akwai madara. Ɗan ragon da uwarsa ta ƙi shi yunwa ta kashe, cikinsa babu komai.

Salon kisan ma yana magana. Koyoti kan kama maƙogwaro a bayan muƙamuƙi ƙasa da kunne, ya riƙe har numfashi ya ɗauke, tazarar fiƙoƙinsa na sama kamar santimita 3 ko fiye kaɗan. Yakan fara ci daga kwiɓi, hanta da zuciya da huhu tukuna. Karen gida kuwa ɓarna yake yi ba farauta ba: ya yayyaga cinya da kunne da wutsiya, ya raunata biyar ko goma, bai ci ko ɗaya ba. Sawun koyoti dogo ne siriri, a layi ɗaya kamar mai zuwa aike, na kare zagayayye ne, yana kai-kawo.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, ta kumbura da wuri, baƙin jini marar daskarewa na fita ta hanci ko dubura, kada a sa mata wuƙa ko kaɗan. Alamar ciwon saifa ce, wato antiraks, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja a Yulin 2023. A kira jami'in dabbobi.

Ardo:
Dakta ya faɗi gaskiya a kan karnuka. A rugage da yawa dila na shan zagin abin da karnukan ƙauye suka yi. Amma ina so a raba dila da kura, don na ga ana neman haɗa su. Dila na ɗan akuya ne da ɗan rago da kaza, kuma yana ɗauka da rana tsaka a wurin kiwo, musamman wanda uwarsa ta haife shi a daji ya kwanta a gindin sabara garke ya wuce. Kura ta dare ce, garke take zuwa. Ba kullum take shiga ba ma, sai ta zagaya ta inda iska za ta kai warinta, dabbobi su firgita su fasa shingen da kansu, ta kama wadda ta fito. Don haka shingen kura dole ya yi ƙarfi ta ciki kamar yadda ya yi ta waje, kuma ya toshe gani, don dabbar da ba ta hango kura ba ba ta cika tarwatsewa ba.

Malam Mai Gandun Daji:
Haka yake, Ardo, kuma lissafin 'ya'yan nan na koyoti bai hau kan kura ba. Cikinta kamar kwana 110 ne, tana haifan ɗaya ko biyu, ido a buɗe da haƙoransu, tana shayar da su sama da shekara, ba ta yi musu amai kamar dangin kare, haihuwarta kuma ba ta da wani wata ɗaya. Dila ne ya bi tsarin koyoti: mace ɗaya namiji ɗaya, ciki na wata biyu, ciyarwa da amai, har 'ya'yan bara su tsaya su taya reno.

Injiniya Sola:
Bari in shigo da maganar shinge, don nan ne kuɗi ke ɓacewa a banza. Manoman Amurka sun gano koyoti ta ƙasa ya fi shiga, ba ta sama ba. Ragar waya da idonta ya kai santimita 15 yana iya kutsawa, don haka a nemi mai ido santimita 10 ko ƙasa. Tsayi mita ɗaya da rabi zuwa sama. Maimakon a haƙa rami a binne ragar, ya fi sauƙi a shimfiɗa wata a ƙasa ta waje, faɗin santimita 40 zuwa 60, a ɗaure ta da gindin shingen, a danne da duwatsu ko ƙasa. Mai tono a jikin shinge yake farawa, sai farcensa ya ci karo da waya, ba ya tunanin ja da baya. Ƙofa ita ce lagon kowane garke: a sa dakali ko katako mai kauri a ƙarƙashinta, kada tazarar ta wuce faɗin tafin hannu.

Mai son wayar lantarki, ya sa layin farko kamar santimita 15 daga ƙasa, wani a saman raga, ƙarfi kada ya gaza bolt 4,000 zuwa 5,000 saboda gashinsu na tare wuta. Abu biyu ke kashe irin wannan shinge. Na farko ciyawa ta taɓa layin da ya fi kusa da ƙasa ta tsotse wutar. Na biyu busasshiyar ƙasa, wadda ita ce tamu a rani: dabba ta taɓa waya amma wutar ba ta samu hanyar komawa na'ura ta ƙasa ba, sai ta ji kamar cizon sauro. Maganinsa a jera layukan ɗaya mai wuta, ɗaya marar wuta da aka haɗa da sandunan ƙarfe da aka kafa a ƙasa, ta yadda in ta cusa kai za ta taɓa biyun tare. Sandunan ƙasa kuma a kafa uku, kowanne kusan mita 2, tazarar mita 3 a tsakani, a inda ke da damshi. Kuma a kunna tun daren farko. Dabbar da ta koyi ratsa waya tana kashe, ko an kunna daga baya da gudu za ta wuce.

Ardo:
Injiniya, wannan na mai gona ɗaya ne da ba ya tashi. Mai ƙaura da raga da batir ina zai kai su? Kuma kuɗin raga yau ya kai na tumaki nawa?

Injiniya Sola:
Gaskiyarka, Baba Ardo. Ba duk makiyaya ake kewayewa ba, makwanci kaɗai, kuma a cikinsa ma ɗan ɗakin ƙanana ya fi muhimmanci. Ga wanda ke zaune wuri ɗaya akwai abin da makiyayan Masai na Tanzaniya ke yi: su dasa itace mai rai a jere su ɗaura raga a jiki. Itacen kuwa dangin dashi ne, wanda kakanninmu suka daɗe suna shinge da shi. Ana saran reshe mai kaurin hannu, tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a ƙarshen rani lokacin da ba shi da ganye, a bar shi kwanaki a inuwa bakin saran ya bushe, a kafa a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Wanda aka kafa cikin laka ruɓewa yake. Gara ba ta cinsa kamar busasshen turke tunda yana da rai. Mai ƙaura kuma ƙayar magarya ko sarƙaƙiya, a jera gindin reshe ta ciki kan ƙayar ta waje, don in gindin na waje kura za ta kama ta ja. A riƙa ƙara sabuwa, don ƙaya na zama ƙasa bayan wata biyu ko uku.

Maman Ilham:
To karnukan gadi fa? Ana nuna wasu manya farare kwance cikin tumaki.

Dakta Mai Dabbobi:
Irin su Akbash da Kangal na Turkiyya, da Maremma na Italiya. Amma sirrin bai tsaya ga iri ba, reno ne. Ana kai ɗan kwikwiyo cikin tumaki yana sati bakwai ko takwas, a ƙaramin keji tare da 'yan tumaki masu sanyin hali, da wani lungu da zai ɓuya in sun tunkuye shi, abincinsa ma a can. Kafin ya kai sati 16 ya riga ya ɗauki tumaki danginsa. In a waɗannan makonnin yara suka ɗauke shi suna wasa da shi a tsakar gida, an gama, ƙofar ɗaki zai tsare ba garke ba. Tsakanin wata shida da shekara yakan shiga ƙuruciya, ya riƙa bin 'yan raguna da wasa yana tauna kunnensu, dole a tsawata masa nan take. Ba a dogara da shi sai ya kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. A Namibiya wata ƙungiya mai ba da kariya ga rabbi, dabbar daji mai kama da damisa, ta fara raba wa makiyaya irin waɗannan karnuka tun 1994, kuma a ƙasa mai zafi da ƙaya. Karen gida ma in an rene shi haka yana aiki a kan dila. A ciyar da shi ya ƙoshi, a yi masa allurar haukan kare, a ba shi maganin tsutsa, kada a jefa masa ɗanyen kayan ciki, don ta nan tsutsar da ke yin ƙullutun ruwa a hanta ke zagayawa tsakanin kare da tunkiya da mutum.

A Teksas suna sa jaki ma, mace ɗaya ko dandaƙaƙƙe ɗaya. In ka sa biyu sai su shaƙu da juna su manta da tumaki.

Ardo:
Jaki sai dai a kan dila, Dakta. A gaban kura shi kansa tuwo ne.

Sarkin Baka:
Na ji duka, kuma na karɓi maganar a tabbatar kafin a harba. Amma ku faɗa wa masu zuba guba a mushe, don su ne suka fi yawa yanzu, ba masu baka ba.

Malam Mai Gandun Daji:
Allah ya saka da alheri da ka taɓo wannan, ranka ya daɗe. Guba ba ta zaɓe. Wanda ya fara sauka a kan mushe ungulu ce, ba kura ba. A Botsuwana a 2019 an tsinci gawar ungulaye 537 a kan mushen giwaye da aka sa wa guba. Ungulun da muka saba gani a mahauta tun 2015 tana jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. In ta ƙare mushe zai daɗe a fili, karnukan sake su yawaita, kuma kusan duk haukan kare da ke kama mutane daga kare yake zuwa. Amurka ma a 1972 shugaba Nixon ya sa hannu a dokar hana gubar namun daji a filayen tarayya, duk da daga baya an sassauta. Mushe a binne shi zurfin da ya wuce mita ɗaya, nesa da garke da rijiya, a ɗora ƙaya ko duwatsu. Mahaifar tunkiya ma kada a jefa bayan shinge, ita ce ke fara koya wa dila hanyar gidanka.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai. Saura guda: wanda ya ci karo da 'ya'yan su kaɗai, babu uwa a kusa?

Dakta Mai Dabbobi:
Ya bar su inda suke. Iyaye kan tafi nema na sa'o'i, ɗan da ke da tsabtar gashi da cikakken ciki ba maraya ba ne. Na damuwa shi ne mai rauni, ko wanda ƙudaje suka yi wa ƙwai, ko mai yawo yana kuka yini guda, shi ma jami'an namun daji ake kira, ba a taɓa shi da hannu. A yawancin jihohin Amurka riƙe koyoti a gida ba tare da izini ba laifi ne, kuma wanda aka rena da hannu yakan daina tsoron mutum, ƙarshensa harsashi. Kada a ajiye musu abinci. Mutum biyu ne aka tabbatar koyoti ya kashe, yarinya a Kalifoniya a 1981 da wata matashiya a Kanada a 2009, cizon da ake samu kuma sau da yawa daga waɗanda aka saba wa da abinci ne.

A lokacin reno babban zai iya bin mutum a baya daga nesa, musamman mai tafe da kare. Rakiya ce yake yi har ka fita daga harabar ramin. A ja kare kusa, a ɗauki ƙaramin yaro, a ja da baya ana fuskantarsa, kada a ruga. Tsawa da jifa na wanda ya shigo tsakar gida ne, a bakin rami ba ya gudu don yana da abin karewa. In kuwa an yi cizo ko yaƙushi, ko na ɗan kwikwiyo ne, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, a nufi asibiti a ranar don allurar haukan kare, kada a tsaya jiran ganin alama.

Ardo:
A ƙara da wannan ga masu tumaki: wadda ta kusa haihuwa, hantsarta ta cika, a tsare ta a gida. Ɗan kuma kada ya bi garke daji sai ya yi sati uku zuwa huɗu ƙafarsa ta yi ƙwari. A ƙirga su da yamma a bakin ƙofa, ba da safe ba, don wanda aka rasa da magariba ana iya komawa da fitila a same shi a gindin kalgo kafin dila ya riga ka.